CV da Intabiyu: Yadda Mai Neman Aiki Ke Gabatar da Kansa

CV takarda ce da ke taƙaita karatun mutum da ayyukan da ya taɓa yi da abin da ya iya, domin mai ɗaukar ma'aikata ya ga ko ya dace da gurbin da ake son cikewa. Ba ita ke ba da aiki ba. Iyakarta ta sa a kira mai ita intabiyu. Wanda ke tantance takardun kuwa yakan zauna ne da tuli a gabansa, kowace ya yi mata kallo ɗaya ya wuce, don haka shafi ɗaya ko biyu sun isa, kuma abin da ya fi muhimmanci shi ake sakawa a sama.

Ana farawa da suna da lambar waya da adireshin imel da garin da mutum yake zaune. A nan ma mutane da dama ke tuntuɓe. Sai a ga Muhammad a takardar firamare, Mohammed a sakamakon WAEC, Muhammadu a katin NIN, ko kuma ranar haihuwa ta bambanta daga wannan takarda zuwa waccan. Gara a daidaita wannan tun da wuri, ko da takardar rantsuwa ta kotu ce, da a bari sai ranar tantancewa. Imel ɗin ya kasance da sunan mutum na gaskiya, ba laƙabin da abokai ke tsokanarsa da shi ba, lambar wayar kuma tasa ce, ba ta yayansa da ke wani gari ba. Daga nan sai karatu, a fara da na baya-bayan nan a gangara zuwa sakandare. A Najeriya mai digiri ko babbar difloma yana ambaton takardar kammala hidimar ƙasa ta NYSC, shirin da aka kafa a 1973, ko takardar da ta ɗauke masa hidimar. Aikin gwamnatin tarayya yakan buƙaci takardar shaidar ƙaramar hukuma, saboda tsarin raba guraben aiki tsakanin jihohi.

Sashen gogewa shi ne cibiyar takardar, kuma shi sababbin masu kammala karatu suka fi bari fayau, wai ba su taɓa aiki ba. Alhali shekarar hidimar ƙasa aiki ce, haka watannin koyon sanin makamar aiki, da koyarwar gwaji ta ɗaliban kwalejin ilimi. Wanda ya riƙe littafin ciniki a shagon mahaifinsa a Kantin Kwari ya san shige da ficen kuɗi. Wadda ta bi gida-gida a aikin rigakafin shan inna ta san tattara bayanai, ta kuma san yadda ake shawo kan maigidan da ya ce ba za a shiga ba. Mai shagon POS da malamin Islamiyya da ma'aikacin wucin gadi na ranar zaɓe duk suna da abin rubutawa. Abin da ke kashe takarda shi ne jerin kirarin da shagunan kwamfuta ke kwafa wa kowa: mai ƙwazo, mai gaskiya, mai haƙuri da jama'a. Kowa ya rubuta haka, don haka bai bambanta kowa ba. Layi guda da ya ce mutum ya koyar da lissafi a aji uku na sakandare tsawon shekara, ya kuma shirya ɗalibai zuwa jarrabawar NECO, ya fi wancan jerin nauyi, domin ana iya bincikawa a tabbatar. Harsuna ma gogewa ce da ake rainawa. Ƙungiyoyin agaji da ke aiki a Borno da Yobe da Diffa suna neman masu jin Kanuri da Fulfulde da Hausa da Faransanci. Ƙarya dai ba ta da riba a nan: wanda ya rubuta ya iya Excel ana iya ajiye masa kwamfuta a gabansa.

Mutum biyu ko uku da za su ba da shaida a kan mai takardar ake sakawa a ƙarshe, kuma sai an nemi izininsu. Wasiƙar neman aiki tana tafiya tare da CV, a rubuta ta domin wannan gurbin kaɗai. Idan ta intanet za a tura, a mayar da takardun PDF don kada tsarinsu ya wargaje.

Guraben aiki suna fitowa a jaridu irin su Daily Trust, da shafuka irin su Jobberman da LinkedIn, da shafukan hukumomin kansu. A Nijar akwai hukumar ANPE mai rajistar masu neman aiki. Zuba ido ga aikin gwamnati kaɗai ƙuntata wa kai ne. A watan Maris na 2014 dubun dubatar matasa suka cika filayen wasa domin jarrabawar shiga Hukumar Shige da Fice, turmutsitsi ya hallaka mutane a Abuja da wasu garuruwa, guraben kuwa ba su kai ko kusa da yawan masu nema ba. Makarantu masu zaman kansu da asibitoci da kamfanoni sukan ɗauki mutum ta bakin wanda ya san shi, saboda haka sanar da tsofaffin malamai da abokan karatu cewa ana neman aiki ba roƙo ba ne. Duk wanda ya ce a turo kuɗi ya sayar da gurbi kuwa, a yi hattara da shi.

Sai batun tsayawa a yi magana da gaba gaɗi, wanda ya fi wahala ga wanda ya tashi cikin tarbiyyar kunya da kawaici. An koya wa yaro ya sunkuyar da kai gaban manya, ya sassauta murya, an kuma gaya masa yabon kai jahilci ne. A zaure wannan ladabi ne. A ɗakin intabiyu, musamman gaban waɗanda ba su san al'adar ba, ana iya ɗaukarsa rashin sanin abin faɗa. Ba a ce a zubar da ladabi ba. Faɗin abin da mutum ya aikata shaida ce, ba fariya ba, kamar yadda tela ke nuna ɗinkinsa. Idan an tambaye shi me ya yi, ya ce “na tsara”, “na koyar”, maimakon ya ɓuya a bayan “mun yi”. Ya ɗaga kai ya dubi mai tambaya, ya yi magana yadda na ƙarshen tebur zai ji. Abin da bai sani ba ya ce bai sani ba, ya faɗi yadda zai nemo shi. Wannan yana zuwa ne da gwaji, a zauna da aboki yana tambaya ana amsawa da murya a fili, da harshen da za a yi intabiyun.

Tambayar albashi ita ce inda kara ta fi cutarwa. “Ko nawa aka ba ni, na gode” amsa ce da ke jawo a ba mutum mafi ƙanƙanta. Gara ya bincika abin da ake biya a irin wannan aiki, ya tuna mafi ƙarancin albashi a Najeriya naira 70,000 ne tun 2024, ya lissafa kuɗin mota da na haya, sannan ya faɗi adadi. Idan an ɗauke shi, ya nemi takardar kama aiki a rubuce, mai ɗauke da albashi da lokutan aiki da tsawon watannin gwaji, ya karanta ta a natse kafin ya sa hannu.