'Yantaccen Bawan da Ya Ƙago Harafin G

Wajen shekara ta 230 kafin Miladiyya, akwai wani malamin makaranta a birnin Rum mai suna Spurius Carvilius. Da can bawa ne. Da ubangidansa ya 'yanta shi, sai ya ɗauki sunan gidan, kamar yadda al'adar Rumawa take. Shi ubangidan babban mutum ne, sau biyu ana zaɓensa cikin mutum biyun da ke riƙe ragamar ƙasa na shekara guda, amma abin da ya fi sa ake tunawa da shi wani ne daban: an ce shi ne ya fara sakin mata a Rum, saboda ba ta haihuwa. Laƙabinsa Ruga, wanda a Latin yake nufin tamojin fuska, babu ruwansa da rugar Fulani.

Plutarch, marubucin Girka da ya zo bayan su da shekara ɗari uku, ya ba da labarin abu biyu a kan Carvilius. Ya ce shi ne ya fara buɗe makarantar kuɗi a Rum, domin kafin nan mutum 'ya'yan dangi da na abokai yake koya wa karatu, ba a biyansa ko anini. Ya kuma ce Carvilius ne ya ƙago harafin G.

A lokacin da malamin nan ya soma tara yara, Rumawa sun shafe fiye da shekara ɗari uku suna rubutu, amma da baƙi ɗaya suke rubuta sauti biyu. Harafin C shi ne "ka", shi ne kuma "ga". A ce da Hausa ce, kada da gada duk CADA za a rubuta su, kashi da gashi su zama CASHI, mai karatu ya yi ta lalube har jimlar ta nuna masa wanda ake nufi. A 1899 an tono wani dutse a tsohon dandalin Rum mai rubutun ƙarni na shida kafin Miladiyya, kalmar da ke nufin "ga sarki" tana jikinsa a matsayin RECEI, alhali da "ga" ake furta ta. Kai, sunan gidan da malamin ya taso ma, in za a rubuta shi da tsohon salo, RVCA ne.

Gadon wannan rikici suka yi. Asalin harafin na Finikiyawa ne, mazauna gaɓar tekun da ke Lebanon a yau, suna kiransa gimel, shi ne na uku a jerinsu, sautinsa "ga". Duk wanda ya yi karatun hisabi a zaure ya san jerin nan ba tare da an gaya masa sunansa ba: abajada, hawwaza. Jimun da ke na uku ɗan'uwan gimel ne na jini, har gobe kuma mutanen Alƙahira "ga" suke furta shi, shi ya sa Jamal Abdul Nasir ya zama Gamal a bakinsu. Girkawa suka ari harafin suka kira shi gamma, bai canza murya ba. Da ya tsallaka Italiya, sai ya faɗa hannun Itaruskawa, mutanen da ke arewa da Rum, waɗanda babu sautin "ga" a harshensu sam. Suka ga harafi ba shi da aikin yi, suka ba shi aikin "ka", bayansa kuma ya lanƙwashe ya zama C. Rumawa kuwa suna da sautukan biyu duka, amma a wurin maƙwabtan nan suka koyi rubutu, suka karɓi kayan yadda suka same shi.

Manya sun saba, sun haddace kalmominsu, abin bai dame su ba. Wanda abin ke ci wa tuwo a ƙwarya shi ne mai zama da yara kullum safiya, yana nuna musu baƙi ɗaya yana cewa nan "ka" ne, can kuma "ga" ne, ga iyaye sun biya kuɗi suna jiran su ga sakamako. A ganina wannan ne ya sa labarin Plutarch yake shiga hankali. Gyaran kuma bai taka kara ya karya ba: ɗan gajeren layi aka ƙara a bakin C na ƙasa. Mai layi ya zama "ga", marar layi ya tsaya a "ka". Sabon harafin yana nan a akwatin dutsen da aka binne wani babban mutumin Rum mai suna Scipio Barbatus, wanda ke gidan tarihi na Batikan yanzu, a cikin kalmomi irin su GNAIVOD da PROGNATVS.

Saura wurin zama. Baƙo a ƙa'ida ƙarshen layi yake tsayawa, amma G ya sami kujera ta bakwai, tsakanin F da H. A koma ga hawwaza a ƙirga: ha biyar, wawu shida, zayun bakwai. Kujerar Z ce. Latin ta daɗe da rabuwa da sautin "za", ya rikiɗe ya koma "ra" a tsakiyar kalma, har dangin da ake kira Papisius suka zama Papirius, Valesius ya zama Valerius. Wani marubucin ƙarni na biyar na Miladiyya, Martianus Capella, ya kawo dalilin da ya fi wannan daɗin ji. Ya ce Appius Claudius, wanda ya soma shimfiɗa shahararriyar hanyar nan ta Appia a shekara ta 312 kafin Miladiyya, ya tsani Z ne domin mai furta shi yakan yage haƙora kamar gawa. Akwai masanan da ke jingina ƙago G ɗin ma ga shi Appius. Ni dai na fi karkata ga malamin yara.

Z bai ɓace har abada ba. Da Rumawa suka ci ƙasar Girka, kalmomin Girkanci suka cika bakin masu ilimi, sai aka sake nemo shi tare da Y a ƙarni na ɗaya kafin Miladiyya. Ya dawo ya tarar an zauna masa a kujera, aka tura shi can ƙurya, inda yake har yau.

Wani wuri guda ne gyaran ya kasa shiga, wato sunayen manya. Gaius da Gnaeus sunaye ne da ake taƙaita su da C. da Cn. tun kaka da kakanni, masu su kuma ba su yarda a taɓa ba. Julius Caesar, wanda sunansa na yanka Gaius ne, ya rayu kusan shekara ɗari biyu bayan Carvilius, amma C. yake sakawa a gaban sunansa.

Daga baya harsunan Turai suka sake dagula abin da aka gyara. A Faransanci da Italiyanci da Turanci, G yakan yi laushi in E ko I sun biyo shi, aka koma gidan jiya, baƙi ɗaya sauti biyu. Kunnen Bahaushe ya raba su tun a bakin ƙofa: gwamna ya shigo da "ga", janar da inji suka shigo da "ja", duk da cewa G ne a cikin ukun a rubutun Turawa. A bokon Hausa G murya ɗaya gare shi, gida, gero, gona. C kuma, da ya rasa aikin "ka" a wurinmu, ya sami na ciki da cokali.

Dabarar malamin Rum ta sake amfani a nan gida. Da aka zo daidaita rubutun Hausa a shekarun 1930, an tarar baƙi ɗaya yana ɗauke da kafa da ƙafa, bara da ɓara, daka da ɗaka, bayan an gwada ɗigo a ƙasa da waƙafi a sama. Aka ɗauki K da B da D aka yi wa kowanne ɗan lanƙwasa a ka.