Bayani a Kan Kalmar Siniya

Akwai wata kalma ta Turanci wadda ta kama bakin jama'a tun zamanin mulkin Turawa, har wanda bai taɓa shiga aji ba yana faɗinta, watau siniya. Asalinta daga Latin ne, harshen Rumawan dā, inda tushenta ke nufin tsoho. Sigarta kuwa ta fifitawa ce, irin wadda malaman nahawu ke kira ismut tafdili, kamar akbaru a Larabci. Ma'anarta ta fari ita ce wanda ya fi tsufa. Saboda haka ba a zama siniya sai akwai na ƙasa, shi ne juniya.

Daga shekaru sai ta koma ga muƙami, kamar yadda shaihu ya tashi daga tsoho ya zama laƙabin babban malami. Daga wannan tushe aka sami sa, da ake ce wa maigida a ofis, da sanata, ɗan Majalisar Dattawa, da kuma mushe, wanda mutanen Nijar suka aro daga Faransanci suke kiran malamin makaranta da shi, ko da yake kunnen Bakano ba ya jin daɗinsa.

A Nijeriya aikin gwamnati ne ya yaɗa ta. Dā an raba muƙamai gida biyu, na Turawa da na baƙar fata. A 1946, bisa shawarar kwamitin Harragin, aka sake musu suna, aka ce siniya sabis da juniya sabis. Suna ya sake, amma kujerun sama galibinsu suna hannun Turawa, sai bayan 1948 aka dukufa ga horar da 'yan ƙasa domin su hau. Wanda ya shiga siniya sabis ya sami gida a unguwar Turawa da rancen mota, shi ya sa kalmar ta yi kwarjini. An rushe wannan rabo bayan rahoton Gorsuch na 1955, amma kwarjinin bai tafi ba.

To, a nan ne fatake da 'yan kasuwa ke ruɗewa. A ofis ba a duba furfura. In mutum biyu suna daraja guda, wanda ya riga hawa ita shi ne siniya, ko da ɗayan ya haife shi. Sau da yawa mai neman sa hannu a banki ko kwastan yakan zube gaban dattijon da ke bakin kanta, alhali alƙalamin yana hannun wani saurayi a ɗakin ciki.

Har wa yau, siniya ba ƙololuwa ba ce. In an liƙa ta gaban sunan aiki, taki ɗaya kurum ta ɗaga shi. A tsanin ma'aikatan gwamnati akwai firinsifal a bisanta, sa'an nan mataimakin cif, sa'an nan cif. Wurin lauyoyi ne ta yi nauyi ƙwarai, gama laƙabin Babban Lauyan Nijeriya, wanda aka fara bayarwa a 1975 ga Rotimi Williams da Nabo Graham-Douglas, da ita ya soma.

A Amurka kuwa tana nan da ma'anarta ta fari: in uba da ɗa sun haɗa suna, sai a rubuta siniya bayan sunan uban, juniya bayan na ɗan.