Lambun Cikin Bokiti Mai Shayar da Kansa

A mafi yawan ƙasar Hausa ruwan sama yakan ɗauke a watan Oktoba, ba ya kuma kankama sai Mayu ko Yuni. A tsawon waɗannan watanni, duk wanda ba shi da fadama ko rijiya a kusa, daga kasuwa kayan miyarsa suke fitowa. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ba da shawarar kowane baligi ya ci aƙalla giram 400 na ganyaye da 'ya'yan itatuwa a kullum. Iyalai da dama sukan gwada shuka tumatir ko alayyafo a tsohuwar roba a tsakar gida, amma kafin a je ko'ina sai shukar ta yi yaushi ta mutu. Sau da yawa laifin yana ga yadda ake ba ta ruwa.

Ina ruwan yake tafiya?

Idan aka kwarara ruwa a kan tukunyar shuka, gida uku yake rabuwa. Wani ya zurare ta gindin tukunya, ya tafi da sinadaran taki. Wani kuma rana da iska su busar da shi daga saman ƙasa. Ragowar ce saiwa take sha. Fiye da kashi 95 cikin 100 na wanda saiwar ta sha yana fita ta wasu mitsi-mitsin ƙofofi da ke jikin ganye, amma wannan fitar tana da amfani, domin ita ce take sanyaya ganyen, take kuma jawo abinci daga ƙasa zuwa sama. Ke nan ainihin asarar tana ga kaso biyun farko.

Akwai wata matsalar kuma. Da safe ƙasar tukunya takan jiƙe sharkaf har saiwa ta rasa iskar shaƙa, da la'asar kuma ta bushe ƙamas. Wannan jeka-ka-dawo shi ke sa tumatir ya tsage, ko gindinsa ya yi baƙi ya ruɓe, saboda sinadarin kalsiyam ba ya isa ga 'ya'yan sai da ruwan da ke gudana ba yankewa.

Darasi daga lagwanin fitila

Kowa ya san kananzir yana gindin fitila, wuta tana sama, amma lagwani yana kai mata shi ba tare da famfo ba. Dalili shi ne, ruwa yana manne wa jikin zare, ƙwayoyinsa kuma suna riƙe da juna, saboda haka yakan hau ta cikin ƙananan kafofi. Gwargwadon ƙanƙantar kafa, gwargwadon nisan hawa. A cikin bututun gilashi mai faɗin milimita 1, ruwa yakan hau kimanin santimita 3. Idan faɗin ya koma kashi ɗaya cikin goma na milimita, sai ya hau kimanin santimita 30.

Ƙasar shuka cike take da irin waɗannan kafofi. In aka ajiye ruwa a ƙarƙashinta, aka bar wani sashe nata ya taɓa ruwan, za ta riƙa tsotso shi a hankali. Duk lokacin da saiwa ta sha, wani ya hau ya maye gurbinsa. Ta haka shukar da kanta take auna abin da take bukata.

Shayar da shuka ta ƙarƙashi tsohuwar dabara ce. Wani littafin noma na ƙasar Sin, na Fan Shengzhi, wanda aka rubuta a ƙarni na farko kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya bayyana yadda ake binne tukunyar ƙasa cike da ruwa a shuka kewaye da ita. A zamanin nan kuwa, wani manomin tumatir a jihar Fulorida ta Amurka, Blake Whisenant, ya ƙera akwatin roba mai ma'ajin ruwa a ƙasa da murfin leda a sama, bayan da ruwan sama mai yawa ya lalata masa gona. An fara sayar da akwatin a 1994 da sunan EarthBox, yana ɗaukar ruwa kimanin lita 11. Abin lura shi ne, yawan ruwa ne ya kai shi ga wannan ƙira, ga shi kuma ta zama maganin ƙarancinsa. Murfin yana tare ruwan sama kada ya wanke taki, yana hana danshi tsere wa sama, yana kuma hana ciyawa fitowa.

Yadda ake haɗa shi a gida

Ba sai an sayo na kanti ba. Bokiti biyu masu cin lita 20, irin na fenti, sun wadatar idan an wanke su tas. Kada a yi amfani da wanda aka taɓa zuba wa maganin ƙwari ko baƙin mai.

Da farko a huhhuda gindin bokiti ɗaya da ƙusa mai zafi, sannan a yanke rami a tsakiya daidai bakin kofin roba. A huhhuda kofin shi ma, a zura shi cikin ramin ya yi reto. Shi ne lagwanin. A saka wannan bokiti cikin na biyun. Sararin da ya rage a tsakaninsu shi ne ma'ajin ruwa, yakan ɗauki lita 3 zuwa 5, gwargwadon ƙirar bokitin. A huda jikin bokitin waje ƙasa kaɗan da gindin na ciki, domin rarar ruwa ta fita. Wannan huda ita ce ran aikin, don ita take barin sararin iska tsakanin ruwa da saiwa. Daga nan a sako guntun bututu daga sama har cikin ma'ajin, ta nan za a riƙa ɗura ruwa.

Zaɓen ƙasa yana bukatar kula. Laka tana tsotso ruwa amma tana shaƙe saiwa, rairayi zalla kuma kafofinsa sun yi faɗi. Abin da ya fi shi ne takin gargajiya da ya ruɓe sosai, a gauraya shi da ƙaiƙayin shinkafa ko dakakken ɓawon gyaɗa da 'yar ƙasa mai laushi. Da irin wannan ƙaiƙayi da ɓawo ake noman ƙananan lambuna a gidajen birnin Dakar, a shirin da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fara da gwamnatin Senegal a 1999. A danna jiƙaƙƙen haɗin a cikin kofin, a cika bokitin, a rufe bakinsa da leda a ɗaure, a tsaga ta kaɗan a dasa. Tumatir ko tattasai, tushe ɗaya ya ishi bokiti.

Abubuwan kiyayewa

Na ɗaya, sauro. A lokacin zafi ƙwansa yakan zama babban sauro cikin kimanin kwana 7 zuwa 10, don haka a ɗaure guntun tsohon gidan sauro a bakin bututun da kan hudar. Na biyu, zafi. Baƙar leda tana dafa saiwa da bazara, gara fara. Na uku, gishiri. Tun da ruwa sama yake hawa, gishirin taki da na ruwan rijiya yakan taru a saman ƙasar. Bayan kowane girbi a kwashe saman, a kwarara ruwa a wanke sauran. Na huɗu, sunan nan “mai shayar da kansa” kada ya ruɗi kowa. Tumatir da ya fara 'ya'ya yakan sha lita 2 ko fiye a ranar zafi, dole a riƙa leƙa ma'ajin kullum.

Gwaji domin makaranta

Malamin kimiyyar noma zai iya raba ɗalibai gida uku. Rukuni na farko su shayar da bokitinsu ta sama, na biyu ta ƙasa ba murfi, na uku ta ƙasa da murfi, kowa da irin shuka ɗaya da haɗin ƙasa ɗaya. Kowace safiya a rubuta yawan ruwan da aka zuba, a kuma auna bokitin a sikeli. Da yake lita 1 ta ruwa daidai take da kilo 1, ragin nauyi zai nuna ruwan da ya tafi. Bayan mako shida a zana jadawali, a raba yawan ruwan da nauyin alayyafon da aka yanka. Gani ya kori ji: ɗalibin da ya fitar da wannan lissafi da hannunsa ya san lita nawa dami ɗaya na ganye yake ci, zai kuma iya gaya wa mutanen gidansu bokiti nawa ruwan da suke iya ragewa zai ɗauka a rani mai zuwa.