Husufin Rana da Masu Binsa, daga Kwarin Rima zuwa Ƙasar Ƙanƙara

Ranar Laraba, 29 ga Maris 2006, a ƙarshen watan Safar na 1427, mutanen Birnin Kebbi da Argungu sun ga hantsin da ba su saba gani ba. Bazara ce, rana ta riga ta ɗau zafi, sai haskenta ya shiga dusashewa, ba hadari ba ƙura. Iska ta yi sanyi-sanyi, inuwar mutum ta yi kaifi a ƙasa. Amma duhu bai rufe garuruwan biyu ba, ɗan siririn gefen rana ya ci gaba da haskawa har abin ya wuce. A Gusau da Katsina kuwa, wajen ƙarfe 10 da rabi, rana ta ɓace ɗungurungum na fiye da minti uku, Zara ta bayyana da rana tsaka, kaji suka nufi akurki.

Abin da ya raba Gusau da Birnin Kebbi a wannan safiya shi ne faɗin inuwar wata. Rana ta ninka wata girma kusan sau 400, amma kuma ta ninka shi nisa daga gare mu kusan sau 400: wata yana tazarar kilomita 384,000, rana tana kusan miliyan 150. Don haka ido yake ganinsu kusan kai ɗaya. Idan wata ya gitta daidai tsakaninmu da rana, sai ya jefo inuwa iri biyu. Akwai mai faɗi, mara kauri, wadda ke rufe dubban kilomitoci, a cikinta ake ganin rana ta gutsure. Akwai kuma baƙar inuwa ta tsakiya, siririya, wadda a 2006 faɗinta bai kai kilomita 200 ba. Ita ce ta taso daga Burazil, ta tsallako Tekun Atalantika, ta bi ta Gana da Togo da Binin, ta shigo Nijeriya ta wajen Shaki a jihar Oyo, ta miƙe arewa maso gabas ta Zamfara da Katsina, ta shiga Nijar da Chadi da Libiya da Masar da Turkiyya, ta ƙare a Mongoliya. Kwarin Rima, inda Birnin Kebbi da Argungu suke, ya faɗo a yamma da ita. Ko da kashi 99 cikin ɗari na rana ya rufe, ragowar kashi ɗayan ya isa ya hana duhu, ya kuma ɓoye farin rawanin hasken da ke kewaye da rana, wanda ba a ganinsa sai a cikakken husufi.

Mai tambaya zai ce, tunda kowane ƙarshen wata sai wata ya bi ta kusa da rana, me ya hana a yi husufi duk wata? Hanyar da wata ke bi ta karkace da kusan digiri 5 daga hanyar da duniya ke bi, saboda haka yawanci inuwarsa takan wuce ta sama ko ta ƙasan duniya. Sai layukan biyu sun haɗu. Shi ya sa husufin rana ba ya faruwa sai a ƙarshen watan Musulunci, na wata kuma sai a daren sha huɗu ko sha biyar. Mutanen Babila sun gano tun kafin haihuwar Annabi Isa cewa husufi yakan maimaita kansa bayan shekara 18 da kwana 10 ko 11 da awa takwas. Awa takwas ɗin nan ita ke sa duniya ta ƙara juyawa kashi ɗaya cikin uku, sai inuwar ta faɗa can yamma. Husufin da ya rufe Gusau a 2006 shi ne ya dawo ranar 8 ga Afrilu 2024 a kan Mekziko da Amurka da Kanada.

A ƙasar Hausa an fi sabawa da zazzaɓin wata, domin shi duk wanda wata ya fito masa zai gan shi. A da yara kan fito da gwangwanaye da tsofaffin kwanoni suna kaɗawa, wai rana ta kama wata, ana roƙonta ta sake shi. Malamai kuwa sallah suke kira, raka'a biyu, wadda a husufin rana kowace raka'a ke da ruku'u biyu, da dogon karatu. Asalinta husufin da aka yi a Madina ranar rasuwar Ibrahim ɗan Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, lokacin da ya hana mutane danganta abin da mutuwa ko rayuwar wani. Masu lissafin taurari sun ajiye wannan rana a 27 ga Janairu 632.

Inda ake yawan cutuwa shi ne ido. Bayan ido ba ya jin zafi, sai ya ƙone mutum bai sani ba, daga baya ya tarar da baƙin ɗigo a tsakiyar ganinsa. Baƙin tabarau na kasuwa ba ya karewa, haka gilashin da aka turara da hayaƙin fitila, haka kallon rana a cikin kwanon ruwa, wanda da yawa ke ɗauka dabara ce. Ko dai tabarau na musamman mai lambar ISO 12312-2, ko kuwa a ba rana baya, a ɗaga rariya a kan farin zane: kowace huda za ta zana hoton rana a ƙasa, a ga yadda take raguwa ba tare da an ɗaga kai ba.

A lissafi, wuri guda yakan jira kimanin shekara 375 kafin baƙar inuwar ta sake bi ta kansa. Wanda ke son ganinta fiye da sau ɗaya sai ya bi ta. Akwai masu wannan ɗabi'a, kuma sun daɗe suna kashe dukiya a kai. Ranar 30 ga Yuni 1973 masana suka hau jirgin Concorde daga tsibiran Kanari, suka shiga cikin inuwar a saman Sahara, suka yi ta gudu tare da ita ta kan Muritaniya da Mali da Nijar har minti 74, sannan suka sauka a babban birnin Chadi. A ƙasa babu cikakken husufin da ke wuce kimanin minti bakwai da rabi. A ranar ce kuma jirgin ruwa mai suna Canberra ya tsaya da fasinjojinsa a teku, yamma da gaɓar Afirka, cikinsu har da Neil Armstrong, mutumin da ya fara taka wata. Amfanin jirgin ruwa a fili yake: babban abokin gabar mai kallon husufi shi ne girgije, jirgi kuwa yana iya ɗaga anga ya koma inda sama ta washe.

Wannan ne ya kai sana'ar jigilar masu kallon husufi har ƙuryar arewacin duniya. Layin husufin 12 ga Agusta 2026 ya bi ta Tekun Arktik, ya gangaro ta gabashin Girinlan da yammacin Aislan, ya ƙare a Sifen, kuma mafi tsawonsa minti 2 ne da daƙiƙa 18. Saboda wannan ɗan lokaci kamfanoni suka tsara tafiyar mako biyu ko kusa da haka, kuɗin kujera sau da yawa ya haura dala 10,000. Ba manyan jiragen shaƙatawa ba ne. Ƙanana ne masu ɗaukar mutum 100 zuwa 200, an ƙarfafa ƙirjinsu don ture ƙanƙara, suna ɗauke da kwale-kwalen roba masu inji da ake sauke fasinja da su, domin yawancin wuraren babu tashar jirgi. Kafin kowa ya taka gaɓa sai jagora ya riga shi da bindiga da madubin hangen nesa, ya tabbatar babu farin beyar a kusa. Namijinsa yakan kai kilo 600, kuma ba ya tsoron mutum. Ana gobe husufin 20 ga Maris 2015, wani ya afka wa ɗan yawon buɗe ido a cikin tantinsa a tsibiran Svalbard, mutumin ya tsira da rauni, dabbar aka harbe ta.

Sauran dabbobin da ake zuwa kallo su ne sil, mai kama da ayun Kogin Neja, sai dai ita nama take ci, kuma ita ce abincin beyar. Da walros mai haure biyu. Da wani sa mai dogon gashi har ƙasa. Da nawal, dabbar teku mai shayarwa wadda haƙorin namijinta ɗaya ke miƙewa gaba har kusan mita uku. Akwai kuma wani ɗan tsuntsu mai farin gindi wanda nauyinsa wajen giram 30 ne. A duwatsun Girinlan yake ƙyanƙyasa, idan sanyi ya gabato ya tsallake teku ya zo ya yi hunturu a Afirka ta Yamma, a irin filayen da ke gefen hamada.

Girinlan ta ninka Nijeriya faɗi fiye da sau biyu, amma kusan kashi 80 cikin ɗari nata ƙanƙara ce, mutanenta kuma ba su kai 60,000 ba. Mafi yawansu Inuwit ne, 'yan uwan na arewacin Kanada da Alaska da gabashin Rasha. Tana ƙarƙashin Denmak, ta sami gwamnatin cikin gida a 1979, aka faɗaɗa ikonta a 2009. A Kanada an yanka wa Inuwit yankinsu, Nunavut, a 1999. Kusa da inda jiragen husufi ke taruwa, a bakin mashigin ruwan Scoresby mai tsawon kusan kilomita 350, akwai ƙauye guda, Ittoqqortoormiit, wanda aka kafa a 1925. Mutanensa wajen 350 ne, ƙanƙara takan toshe musu hanyar teku kusan wata tara a shekara, kuma farauta ce ginshiƙin rayuwarsu. Ƙauyen ma a gefen layin yake, jiragen sai sun kutsa can cikin mashigin.

A nan ne Bakabe zai fi kowa fahimtar lamarin, domin Argungu ta san baƙon da ke zuwa daga nesa saboda abin da ba ya daɗewa. Tun 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Sarkin Kabi Muhammadu Sama aka shirya masa su don tabbatar da sulhu tsakanin Sakkwato da Kabi, bikin kamun kifin ke jawo jama'a. Ana buga bindiga, dubban masunta su ruga cikin kogin Matan Fada da gora da homa, cikin kamar awa guda an gama, a ɗora giwan ruwa a sikeli. UNESCO ta sa bikin cikin jerin al'adun duniya a 2016. To amma Matan Fada tana da masu ita. Duk shekara a rufe take, ba mai jefa koma, kuma ba a shiga sai Sarkin Ruwa ya duba ya ba da izini. Masarauta da gwamnatin jiha ke sa rana, kuma da aka ga hali bai yi ba an ajiye bikin kusan shekara goma, sai a 2020 ya dawo. Baƙo kuma a gari yake kwana, ko a Argungu ko a Birnin Kebbi, ya ci abincin garin, ya hau motar garin, ya leƙa gidan tarihi na Kanta.

Mutumin Ittoqqortoormiit ba shi ya sa ranar husufi ba, kuma baƙonsa da ɗakin kwanansa da tukunyarsa yake zuwa. Yakan sauka na 'yan awoyi, ya ɗauki hoton gidaje masu launi da karnukan jan amalanken ƙanƙara, wataƙila ya sayi ɗan sassaƙe na ƙashi, ya koma jirgi ya ci abincin dare. Mafi tsokar kuɗin a hannun kamfani take tsayawa. A 2016 jirgin Crystal Serenity ya ratsa arewacin Kanada da fasinja kusan 1,000, ya yada zango a Ulukhaktok, ƙauyen da mutanensa ba su wuce 400 ba, sai da aka riƙa sauke baƙin rukuni-rukuni. Akwai ƙungiyar masu jiragen yankin, AECO, da aka kafa a 2003, wadda ta rubuta ƙa'idoji kamar neman izini kafin ɗaukar hoton mutum da barin duwatsun kufai a inda suke. Ƙa'idojin suna da kyau, sai dai masu jirgi ne suka rubuta wa kansu.

Akwai kuma wani saɓani da ba ya ɓoyuwa. Baƙo ya biya kuɗi don ya ga sil tana shan rana a kan ƙanƙara, mai gari kuwa nama da riga da takalmi yake gani, a ƙasar da ko ciyawar kirki ba ta fitowa balle gero. Lokacin da Tarayyar Turai ta hana cinikin fatar sil a 2009, ta ware ta Inuwit daga hanin, amma kasuwar gaba ɗaya ta faɗi, mafarauta suka rasa kuɗin sayen mai da harsashi. Inda aka saurare su shi ne kotu: a 2017 Kotun Ƙoli ta Kanada ta soke izinin binciken mai a tekun da ke kusa da ƙauyen Clyde River, saboda ba a tuntuɓi mutanensa yadda ya kamata ba. Ita kanta hanyar da jiragen ke bi ɗumamar yanayi ce ta buɗe ta. Tun 1979 yankin ke ɗumama kusan ninki huɗu na sauran duniya, kuma ƙanƙarar da ke narkewa ta ba jirgi hanya ita ce dai wadda mafarauci da beyar ke takawa su kai ga abinci.

Ɗan Kebbi ba sai ya je can ba. Ranar 2 ga Agusta 2027 baƙar inuwar za ta bi ta Maroko da Aljeriya da Tunisiya da Libiya, ta yi minti 6 da daƙiƙa 23 kusa da Luksor a Masar, mafi tsawo da za a gani a doron ƙasa cikin sauran wannan ƙarni, sannan ta tsallake Bahar Maliya ta rufe Jidda da Makka. Wanda Umrarsa ta faɗo a ranar zai yi sallar husufi a Harami cikin duhun rana tsaka. Ranar 20 ga Maris 2034 kuma za ta dawo Nijeriya, ta shigo ta Legas ta ratsa zuwa Kamaru da Chadi. Kwarin Rima zai sake faɗowa a waje, wannan karon ta arewa. Bakin teku yakan yi girgije a watan Maris, saboda haka masu bin husufi na ƙetare za su fi karkata ga hamadar Chadi da Masar, mai tasowa daga Birnin Kebbi kuma gara ya nufi sashen layin da ke cikin ƙasa, nesa da teku.