Tsohon Babur Ba Ya Son Garaje

'Yan'uwa mutanen Zango, akwai gidajen da in ka shiga za ka tarar da tsohon babur jingine a bayan ɗaki, ƙura ta rufe shi, kaji suna kwana a kansa. Mai shi ya rasu, magada kuwa suna jiran masu sayen tsohon ƙarfe su zo su auna shi da kilo. To, kafin a yi haka, a saurara.

Mu ɗauki misalin BSA Bantam. An yi ta ƙera shi a Ingila daga 1948 har 1971. Asalin tsarinsa na Jamus ne, watau DKW RT 125, wanda Ingilishi suka karɓa diyya bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Silinda ɗaya gare shi, ba shi da bawul. Domin haka mai haƙuri yana iya tayar da shi a tsakar gida.

Abin da ya fi kashe irin wannan inji shi ne garaje. Mutum ya ɗauko shi, ya zuba fetur, ya hau taka shi da ƙarfi. Alhali fistan ya daɗe a bushe, watakila tsatsa ta kama shi, sai ringi ya karye, ya karce silinda. Abin da ya kamata shi ne a cire fulogi, a zuba mai kaɗan ta kafar, a bar shi kwanaki, sa'an nan a juya a hankali da hannu.

In an zo kwancewa, a lura da sufana. Notin babur ɗin Ingila na wancan zamani ba awon milimita ba ne, sufanar yau takan cinye masa kai. A nemi ta ainihi wajen tsofaffin makanikai, irin na Suame Magazine a Kumasi. Kowane abu aka cire a ɗauki hotonsa da waya, a sa shi cikin gwangwaninsa dabam.

Wanki kuwa da kananzir da tsohon buroshi ake yi. Kada a yi da fetur, gama gidajenmu ba su rabuwa da wutar gawayi da yara. Kada kuma a tsoma alminiyam cikin sodar da ake sabulu da ita, lalle za ta cinye shi.

Tsohon fetur yakan daskare cikin karbureta kamar ƙaro, ya toshe 'yar kafar da mai ke bi. A jiƙa ta, a hura da famfon taya. Wanda ya zura mata allura ya faɗaɗa ta, injin ba zai ƙara shan mai daidai ba. Baƙin da ya taru a kan fistan da bakin salansa a kankare shi da katako, ban da wuƙa. Gaskit da robobin da suka bushe a sake sababbi.

Abu na ƙarshe, wannan inji ba shi da tankin baƙin mai dabam. Sai an gauraya masa man inji cikin fetur. Wanda ya manta, aikin wata guda ya ƙone cikin 'yan mintoci.

Sannu ba ta hana zuwa. Ran da ya tashi, tsofaffin unguwa za su gane muryarsa, su yi wa mai shi addu'a. Allah ya ba da sa'a, amin.