Asabar da Lahadin masu son babur: tsakanin hanya, sifana da cefane

Akwai wanda babur a wurinsa abin zuwa aiki ne kawai, ya hau da safe ya ajiye da yamma. Akwai kuma wanda tun ranar Laraba yake duba hasashen yanayi a wayarsa saboda tafiyar da abokai suka tsara ranar Asabar. Kashi na biyun ne muke magana a kansu yau. Ba duka ne masu manyan babura irin su Yamaha R1 ko BMW GS da ake gani a titunan Abuja ba. A cikinsu akwai mai Bajaj Boxer, akwai mai Haojue, akwai dattijon da har yau yake lallaɓa tsohuwar Vespa. Dukkansu kwana biyu kacal suke da su a mako, kuma abubuwa uku ne ke rububin waɗannan kwanaki: hawa, gyara da aikin gida.

Safiyar Asabar ta gyara ce

Mai babur da ya san abin da yake yi ba ya fara ƙarshen mako da tayar da inji, da tsugunawa yake farawa. A Kano ma doka kan taimaka masa, domin a Asabar ɗin ƙarshen wata ana taƙaita zirga-zirga da safe saboda tsaftar muhalli, sai ya zama ba inda za shi har ƙarfe goma.

Abu na farko shi ne taya, kuma ana auna iskarta tun tana da sanyi, kafin a hau. Taya in ta yi tafiya tana ɗaukar zafi, iskar ciki ta kumbura, ma'auni ya nuna fiye da gaskiya. Shi ya sa ɗan ƙaramin ma'aunin iska na aljihu ya fi dogaro da mai faci, wanda sau da yawa da yatsa yake ƙwanƙwasa taya ya ce ta yi. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu da ke nuna lokacin da aka yi ta: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Idan ka ga 2322, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2022. Taya tana tsufa ko ba a hau ta ba, robar ta bushe ta fara tsagewa, musamman a ranarmu. Wannan lamba ita ce abin fara dubawa kafin a sayi taya 'yar gwanjo, ko da zanenta bai cinye ba.

Sai sarƙa, kuma a nan ne aka fi yin ɓarna. Yawancin baburan titi suna son sarƙa ta yi lilo kamar milimita 20 zuwa 30 idan aka taɓa ta a tsakiya, amma littafin da ya zo da babur shi ne alƙali. Mutane da yawa suna ganin ɗaure ta tamau shi ne gyara. Ba haka ba ne. Idan babur ya faɗa rami ƙafar baya tana motsawa, sarƙar tana buƙatar wurin miƙewa. In babu, ƙarfin ya koma kan haƙoran da take bi da kuma boris ɗin da ke cikin inji, gyaran da ya fi kuɗin sarƙa nesa ba kusa ba.

Ana wanke ta da kananzir da tsohon buroshin haƙori. Fetur ba ya dacewa da sarƙoƙin manyan babura, domin suna da ƙananan zobban roba da ke riƙe maiƙo a ciki, fetur kuwa yana lalata su. Zuba mata tsohon baƙin mai, kamar yadda aka saba gani a gareji, ya fi barin ta a bushe, amma yana fantsama kan taya, kuma a lokacin hunturu yana kama ƙura ya zama kamar ana goga wa sarƙar yashi. Mai kaɗan ya isa, kuma ya fi shiga idan an sa shi bayan an dawo daga tafiya, sarƙar na da ɗumi. Gargaɗi guda: kada a taɓa goge sarƙa inji na aiki babur na cikin giya. Da hannu ake juya taya. Mutane sun rasa yatsu a wannan ganganci.

Batun juyen baƙin mai shi ma yana da tarko. A yawancin babura, kuloci yana cikin man inji ne, wato mai ɗaya ne ke yi wa inji da giya da kuloci hidima. Wasu mayukan mota na zamani suna ɗauke da sinadaran rage gogayya don tsimin fetur, kuma waɗannan sinadaran kan sa kulocin babur ya riƙa sulɓewa: ka murɗa totur, inji ya yi ƙara, gudu bai ƙaru ba. Abin dubawa a jikin galan shi ne tambarin JASO MA ko MA2, ma'aunin da Japan ta fitar don babura. Kaurin man kuwa, ko 20W-50 ko 10W-40, littafin babur ne zai faɗa.

Matatar iska ba ta da dogon bayani, sai dai daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da hazo ke sauka, tana toshewa da wuri. Idan babur ya fara shan mai fiye da kima yana nauyin tashi, a duba ta kafin a zargi kafireto. Man birki na babura masu birkin faifai yana jan danshi daga iska, don haka kamfanoni ke cewa a canza shi duk shekara biyu, abin da kusan ba wanda ke yi sai birki ya fara laushi.

Na'urorin da suka shigo harkar

Na'urar auna lantarki mai araha tana raba gardama tsakaninka da mai wayarin. Batir mai lafiya, babur a kashe, zai nuna kusan bolt 12.6 ko sama. Idan an tayar da inji an ɗan murɗa totur, ya kamata ya hau zuwa tsakanin 13.5 da 14.5. In bai hau ba, laifin ba na batir ba ne, na abin da ke yi masa caji ne, kuma sabon batir ma zai mutu cikin 'yan kwanaki.

Wani abin da ke kashe batir a ɓoye shi ne cajar waya ta USB da aka jona kai tsaye a kansa. Wasu suna ci gaba da jan wuta kaɗan-kaɗan ko ba waya a jiki. Babur ɗin da ake hawa kullum ba zai nuna ba, amma wanda ke kwana biyar a rufe yana jiran Asabar zai wayi gari ba ya tashi. Maganin shi ne a jona ta a layin da ke mutuwa idan an zare makulli. Na'urar bin sawu da ake sa wa layin waya saboda ɓarayi ita ma tana cin batir, sai dai ita dole ta kasance a kunne, don haka mai ita ya riƙa tayar da babur a tsakiyar mako.

Sai mariƙin waya da ake ɗaurawa a kan babur. A watan Satumban 2021 kamfanin Apple ya fitar da sanarwa cewa girgizar injin manyan babura na iya lalata sassan kyamarar iPhone masu hana hoto rawa da masu daidaita gani. Waɗannan sassa ƙanana ne masu motsi, kuma wayoyin Android masu tsada ma suna da irinsu. Dabarar da masu babura da yawa suka koma yi ita ce su ware tsohuwar waya don taswira, ta kirki kuwa ta zauna a aljihu. Google Maps yana ba da damar sauke taswirar yanki gaba ɗaya tun a gida, abin da ke da amfani sosai da zarar an bar babban titi sabis ya ɗauke. Tun 2019 ma manhajar ta fito da tsarin nuna hanya na masu babur a Najeriya.

Masu hali suna sa na'urar magana ta Bluetooth a hular kwano, irin ta Cardo ko Sena, don na gaba ya sanar da na baya akwai rami ko shanu na tsallakawa. Masu ƙaramin ƙarfi suna amfani da alamar hannu da ƙafa, kuma tana aiki.

Kan hanya

Tafiyar kanta galibi a zauren WhatsApp ake ƙulla ta, a haɗu a wani gidan mai, kowa ya cika tanki. Daga Kano akan nufi madatsar ruwa ta Tiga ko a miƙa Zariya a ci abinci a juyo. 'Yan Abuja suna da dutsen Zuma da magangarar ruwan Gurara. Tawagar da ta san aiki ba ta jeruwa layi ɗaya. Na gaba yana gefen hagu na hannunsa, na bayansa gefen dama, na uku hagu, domin kowa ya ga gabansa ya kuma sami wurin taka birki. Ana sa gogagge a gaba, wani gogaggen a can baya da kayan gyara, sabbin shiga a tsakiya.

Abubuwa biyu sun rage wa wannan sha'awa armashi. Na farko tsaro. Hanyoyin da a da ake bi ba tunani yanzu sai an tambaya, kuma ƙa'idar da kowa ya yarda da ita ita ce a dawo kafin magariba. Babur kansa ya zama abin zargi a wurare da dama. A Kano an hana acaɓa tun Janairun 2013 bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero, wasu jihohin arewa maso yamma kuma sun sha sanya dokar taƙaita hawan babur saboda 'yan bindiga. Don haka kafin a tsallaka wata jiha, a san dokar da ke aiki a can, takardu kuma su kasance a jiki. Na biyu fetur. Kafin cire tallafi a ƙarshen Mayun 2023 lita ba ta kai naira 200 a farashin gwamnati ba, zuwa ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000. Babban babur yana shan ninki biyu ko uku na abin da Boxer ke sha, sai ga shi tafiyar da ake yi duk mako ta koma ta wata-wata.

A ganina, abin da ya fi bambanta mai son babur da mai wasa da rai shi ne hular kwano. Lokacin da Hukumar Kiyaye Haɗura ta fara tilasta sa ta a Janairun 2009, an ga masu kifa ƙwarya a kai don su wuce jami'ai, labarin da ya zagaya duniya ana dariya. Alƙaluman da Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana kafa hujja da su sun nuna hular kirki tana rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 42 cikin ɗari, na raunin kai kuma da kusan kashi 69. Ta kirki ita ce mai tambarin gwaji irin ECE na Turai ko DOT na Amurka, wadda aka ɗaure igiyarta a haɓa. Hular leburorin gini ba ta cikin lissafi, kuma wadda ta taɓa buguwa da ƙarfi ta gama aiki ko da ba a ga tsaga ba, domin abin da ke shanye bugun a ciki sau ɗaya yake matsewa.

Gida ma yana da nasa haƙƙin

Wannan ne ɓangaren da ba a sa hotonsa a Instagram. Asabar ranar ɗaurin aure ce, ranar gaisuwar iyaye da ta'aziyya, ranar cefanen mako. Mutumin da ya shafe awa uku yana goge salansa har tana ƙyalli ba shi da bakin cewa bai sami lokacin duba famfon da ke yoyo ba. Uwargida tana gani, kuma ba za ta yi dogon zance ba, sai dai ta ce, "Maigida, in ka gama da amaryar taka, injin wuta ma yana gaishe ka."

Waɗanda suka daɗe a harkar sun gano cewa raba kwanakin ya fi sauƙi: yini ɗaya na babur, ɗaya na iyali, kuma a faɗa tun ranar Alhamis wanne ne wanne. Sa'a kuma ita ce ilimin ɗaya ne. Ƙaramin janareta yana da fulogi, kafireto, matatar iska da baƙin mai kamar babur, kuma ciwonsu ɗaya: fetur da ya daɗe a kafireto ya bushe ya bar danƙo ya toshe ƙananan hanyoyin mai. Wanda ya iya kwance na babur ɗinsa zai gyara na janareta cikin rabin awa. Dabarar rigakafin ma ɗaya ce. Idan za a ajiye inji na makonni, a rufe famfon mai a bar shi yana aiki har ya shanye na cikin kafireto ya mutu da kansa.

Wanka ne aikin ƙarshe, yawanci da yammacin Lahadi. A bar inji ya huce tukuna, a yi amfani da bokiti da soso. Injin wanki mai feshi da ƙarfi, irin na masu wankin mota, yana tura ruwa cikin boris ɗin taya da mahaɗar wayoyi, matsalar kuma ba ta bayyana sai bayan makonni. In ya bushe a sake ɗiga wa sarƙa mai, a rufe shi da abin da iska ke ratsawa, ba leda ba, don leda tana tara gumi ta jawo tsatsa. Yara kan so su taya, kuma ba laifi a ba su soso, amma a tabbata salansa ta yi sanyi kafin su matso.