Idan bulon ɗin salansa ya karye a gareji: abin da mai mota ya kamata ya sani

Masu motoci da dama a Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai sukan kai mota gareji don a canza salansa, ko a sa sabon bututun hayaƙi, ko a sabunta joyin, wato shimfiɗar da ke toshe tsakanin inji da bakin bututun. Aiki ne da ba ya cin rabin yini. Sai dai sau da yawa ana cikin kwance notuna sai bulon ɗaya ya tsinke, rabi ya biyo kile, rabi ya maƙale cikin ƙarfe. Matakin da makaniki ya ɗauka bayan nan shi ke nuna ko mota za ta fita ran nan, ko kuwa mai ita zai shiga kasuwa neman wani kulas, wato kan inji, ɗaya daga cikin sassan mota masu tsada.

Abin da ke sa shi karyewa

Babu bulon ɗin da ke shan wahala a jikin mota kamar na bakin salansa. Hayaƙin da ke fitowa daga injin fetur yakan kai zafin digiri 600 zuwa 900 idan mota ta ɗauki kaya ko ta yi doguwar tafiya. Duk lokacin da aka tada inji ƙarfen yana buɗewa, idan aka kashe kuma ya tsuke. Shekara da shekaru ana haka, sai bulon ya gaji, ƴar tsaga ta fara cin sa daga ciki ba tare da an gani ba.

Dalili na biyu shi ne bambancin ƙarfe. A yawancin ƙananan motocin yanzu, da alminiyam ake yin kulas, bulon ɗin kuwa baƙin ƙarfe ne. Idan zafi ya taɓa su, buɗewar alminiyam ta kusan ninka ta baƙin ƙarfe. Wannan ja-in-ja, haɗe da damshi, shi ke sa zaren bulon ya manne da ramin da yake ciki kamar an yi musu walda.

Na uku kuma tsatsa ce. Galibin motocin da ke yawo a Nijar na hannu ne da aka shigo da su daga Turai ko Amurka ta tashoshin ruwan Kwatano da Lome. A ƙasashen nan ana watsa gishiri a kan hanya lokacin sanyi don narkar da ƙanƙara, gishirin kuma yana cin ƙarƙashin mota. Motar da ta yi shekara 10 ko 15 a can takan iso da fenti mai sheƙi a sama, amma notunan salansarta sun riga sun ruɓe.

Barin sa haka ba mafita ba ce

Wasu sukan ce tunda sauran notuna sun kama, a ɗaure a tafi. Kwana kaɗan hayaƙi zai samu ƙofa a daidai wurin da babu bulon. Alamarsa ita ce ƙarar tik-tik da safe idan inji yana sanyi, wadda ke raguwa idan ya ɗumama, da baƙin tabo a gefen joyin.

Hatsarin ya wuce ƙara. Hayaƙin mota yana ɗauke da iskar guba da ake kira kabon monoksaid, wadda ba ta da launi, ba ta da wari. Idan tana yoyo a ɗakin inji, tana iya bin hanyar iska ta shiga cikin mota, ta kawo ciwon kai, jiri da gyangyaɗi, musamman a doguwar hanya da gilasai a rufe. A motocin da ke da kwamfuta kuma, yoyon yana ruɗa na'urar auna iskar da ke jikin bututun, sai kwamfutar ta riƙa ƙara mai ba dalili. Ga shi nauyin da bulon ɗaya ya sauke ya koma kan maƙwabtansa, su ma su fara tsinkewa, bakin bututun ya lanƙwashe.

Yadda ake fitar da guntun

Abu na farko shi ne a duba inda ya karye. Idan a mahaɗar bututu da bututu ne a ƙarƙashin mota, abin da sauƙi: sau da yawa ana iya huda guntun a wuce da shi, a zura sabon bulon da noti. Matsalar gaske tana ga wanda ya karye a jikin kulas.

Idan guntun ya leƙo waje, a goge tsatsar da burushin waya, a fesa masa man kwance tsatsa irin su WD-40, a bar shi ya jiƙa na awoyi, in da hali har ya kwana. A ɗan bubbuga kansa da ƙaramar guduma don tsatsar ta saki. Sannan a kama shi da filaya mai kulle a riƙa juyawa kaɗan-kaɗan, gaba da baya. Idan sauran zare ya isa, ana ɗaura notuna biyu a matse su da juna, sai a juya na ƙasan.

Idan ya karye daidai da fuskar ƙarfe, ko ya ɗan nutse, hanyar da ƙwararru suka fi amincewa da ita ita ce walda. Ana ɗora wasa a kan guntun a haɗa su, sannan a ɗora noti a cika tsakiyarsa da walda. Amfanin biyu ne: an samu kan da kile zai kama, zafin waldar kuma ya kumbura guntun, da ya huce sai ya tsuke, tsatsar ta farfashe. Waldar baƙin ƙarfe ba ta kama alminiyam, saboda haka zaren kulas yakan tsira. Amma alminiyam yana narkewa a wajen digiri 660, don haka ba a daɗe da wuta a wuri ɗaya. Noti yakan ɓalle sau biyu ko uku kafin guntun ya motsa, kuma wannan ba gazawa ba ce, kowane zagaye yana ƙara sassauta shi. Kafin a kunna walda dole a cire batir, a kare wayoyi da tiyon mai, a ajiye abin kashe gobara kusa.

Inda ake yin ɓarna

Huda ita ce mataki na ƙarshe, kuma a nan ne garin neman gira ake rasa ido. Baƙin ƙarfe ya fi alminiyam tauri nesa ba kusa ba, don haka idan bakin injin huda ya zame, kulas ɗin zai shiga ci ya bar guntun. Sai an buga alama a tsakiyar guntun da ƙarfe mai tsini, a fara da siririn baki na milimita 3, a riƙa ƙarawa a hankali, ana ɗiga mai, injin yana tsaye sak. Akwai bakin huda mai juyin hagu, wanda sau da yawa yana cikin ci sai ya kwanto guntun da kansa. A auna zurfin ramin daga wani bulon da ya fita lafiya, a naɗa alama a jikin bakin, domin a wasu injuna hanyar ruwa tana nan kusa da bayan ramin. Idan aka fasa ta, magana ta zama babba.

Akwai kuma ɗan ƙarfen nan mai zaren hagu da ake kafawa cikin huda a juya. Yana aiki a kan bulon da bai manne ba. A kan wanda tsatsa ta riƙe, yakan karye a ciki, kuma saboda taurinsa bakin huda na yau da kullum ba ya cin sa. Idan aka ji ya fara murɗewa guntun bai motsa ba, a dakata.

Idan zaren ramin ya lalace, ba a yar da kulas. Yawancin waɗannan bulon ɗin masu kaurin milimita 8 ne ko 10. Na milimita 8 ana huda shi da baki mai 6.8 a tsabtace zaren. In zaren ya tafi gaba ɗaya, ana faɗaɗa ramin kaɗan, a yanka sabon zare, a zura waya mai naɗi da aka sani da Helicoil, bulon mai kaurin asali ya koma mazauninsa. Idan wurin ya yi matsi har injin huda ba zai shiga sak ba, gara a sauke kulas a kai wa masu injin gyaran ƙarfe. Kuɗin saukewa da sabon joyin bai kai na sayen wani kulas ba.

Kafin a taɓa noti na farko

Mai mota yana da rawar takawa tun kafin a fara aiki. Ya kai motar da yamma a fesa wa notunan mai su kwana. Ya tambayi makaniki tun farko: idan bulon ya karye, yaya za a yi, nawa ne kuɗin, akwai mai walda a kusa? Yin wannan magana da wuri yana hana rigimar da ake yawan gani a gareji, inda mai mota ke cewa an ɓata masa kaya, makaniki kuma ya ce a ruɓe ya same shi. Sau da yawa gaskiyar makaniki ce, amma shi ma da laifinsa idan ya zura dogon bututu a kile ya danna da ƙarfin tsiya. Noti mai taurin kai ana gasa shi ne da wuta, shi kaɗai ban da kulas, ko a tsaga shi a ceci bulon ɗin.

Wajen mayarwa, kada a yi tsimin tsofaffin bulon: wanda ya karye da ƴan uwansa shekarunsu ɗaya, wahalarsu ɗaya. A sa sababbi duka, da sabon joyin, a shafa wa zaren man jan ƙarfe mai jure zafi, a fara ɗaurewa daga tsakiya ana fita gefe. Bulon mai milimita 8 ba ya son matsi mai yawa, ɗaurinsa a yawancin motoci bai wuce Nm 20 zuwa 30 ba, kuma littafin motar ne ke faɗin adadin daidai. Bayan kwana biyu ko uku ana tafiya, a koma gareji da safe inji yana sanyi, a saurari ƙararsa, a sake duba notunan.